Maganin Ƙarfe Goma Sha Biyu

Malama tana tsugune tana ɗaura wa wani yaro igiyar takalmi ta ji faɗuwar. Ba wata ƙara ba ce mai yawa, kamar dai an yar da jakar littattafai a kan siminti. Ta waiga. A bakin famfon wanke hannu, inda yaran ajinta suka yi layi, Kurciya ce kwance, jikinta ya sandare, idanunta sun juye sama.

"Anti, Kurciya tana wasa a ƙasa," in ji wata yarinya.

Malama ta san ba wasa ba ne tun kafin hannuwan yarinyar su fara fizga. Kurciya shekararta huɗu, tana da ciwon farfaɗiya. Ranar da aka kawo ta wannan makarantar ta ƙananan yara, mahaifiyarta ta zaunar da Malama ta biya mata abin da za a yi, har sau biyu: a kwantar da ita ta gefe, kada a danne ta, kada a sa mata komai a baki, a duba agogo. In ya wuce minti biyar bai sake ta ba, sai asibiti. Wata bakwai ke nan, ciwon bai taɓa tashi a makaranta ba.

Ta ture yaran gefe, ta tuɓe ɗankwalinta ta ninke shi a ƙarƙashin kan yarinyar, ta juya ta. Ta ɗaga ido ga agogon bango. Ƙarfe biyu da minti goma.

Inna mai reno, dattijuwar da ke taimaka wa aji biyu da wanke yara da ba su abinci, ta shigo da gudu riƙe da cokali.

"A'a, Inna, mayar da cokalin. Kwashe min yaran nan ki kai su aji na gaba, ki kira Shugaba."

"Za ta ciji harshenta, ƴar nan."

"Uwarta ta hana. Don Allah tafi."

Yaran suka fita suna waige, biyu sun fara kuka. Ɗakin ya rage daga ita sai Kurciya sai famfon da ba wanda ya kashe. Kumfa ta taru a gefen bakin yarinyar, dugaduganta suna bugun siminti. Malama, wadda kullum minti goma sha biyar ba ya isarta komai, ta ga minti ɗaya ya miƙe ya ƙi ƙarewa. Biyu da sha biyu. Tana kiran sunan Allah, tana goge kumfar da gefen rigarta. Biyu da sha huɗu. Leɓen yarinyar ya fara sauya launi, ya yi duhu-duhu.

Shugabar makarantar ta iso, ta tsaya a ƙofa da waya a hannu.

"Minti nawa?"

"Biyar, ranki ya daɗe. Bai sake ta ba."

"Ɗauko ta. Mai gadi ya tare tasi. Ke za ki tafi da ita, iyaye na gab da zuwa ɗaukar yara, ba zan bar makaranta ba. Zan kira mamanta ta same ki a can."

Malama ta sungumi yarinyar. Inna ta biyo ta da gudu ta rataya mata ƴar jakar Kurciya a kafaɗa.

A cikin tasi, kafin su kai shatale-tale na farko, fizgar ta lafa. Jikin ya saki gaba ɗaya, ya yi nauyi kamar jiƙaƙƙen bargo. Yarinyar ta fara wani irin numfashi mai munshari, ta jiƙa siket ɗinta da cinyar Malama. Direban, wani dattijo mai furfura a gemu, yana danna ham yana kutsawa tsakanin motoci.

"Ƴarki ce?"

"Ɗalibata ce."

"Allah Ya ba ta lafiya. Riƙe ta da kyau, zan bi ta bayan kasuwa."

Malama ta zuge jakar da hannu ɗaya don neman tsumma. Akwai gorar ruwa, da wandon canji, da rabin biskit. A can ƙasa akwai kwalbar maganin, da sirinjin da ake auna shi da shi, a nannaɗe cikin farar leda an ɗaure da roba, irin ɗaurin da maman Kurciya take yi kowace safiya. Malama kuwa in ta ba da magani ta wanke sirinjin, jefa shi kawai take yi a aljihun gefe. Ta taɓa ledar. A bushe take, ɗaurin bai motsa ba.

Ba ta ba yarinyar maganin ƙarfe goma sha biyu ba.

Abin da ya fi muni shi ne, a rubuce, ta ba ta.

Tun farkon zangon karatu Shugaba ta kawo sabon tsari. Mace ce mai son komai a kan lokaci, har malamai in sun keɓe suna kiranta Agogo sarkin aiki. Ta yanyanka yini zuwa minti goma sha biyar-sha biyar: waƙa, haruffa, bayan gida, wasa, abinci, barci, ƙararrawa tana raba kowanne. Kowane yaro kuma yana da takardarsa a jikin bango mai gurabe: ya ci, ya yi barci, ya zaga, ya sha magani, ƙarfe nawa. Ƙarfe ɗaya da rabi malama za ta ɗauki hoton takardar ta tura wa iyaye a waya. Yara ashirin da shida ne a ajin Malama. Makon farko ta yi ta cike gurabe tana goye da mai kuka, hoto bai taɓa tafiya kafin ƙarfe biyu ba, sau uku Shugaba tana kiranta ofis.

Malamar aji na gaba ce ta ba ta dabara. "Ke kam za ki kashe kanki. Taura biyu ba ta taunuwa. Zo da wuri ki cike abinki da safe kafin su iso. Yaro ai abin da ya yi jiya shi zai yi yau. Wanda ya saɓa sai ki gyara."

Dabarar ta yi aiki. Hotunan Malama suka riƙa tafiya ɗaya da rabi cif. A taron malamai Shugaba ta tsayar da ita ta ce kowa ya yi koyi da ita wajen tattalin lokaci, aka tafa mata, ita kuma ta sunkuyar da kai tana jin daɗi.

Yau ma da safe ta ja alama a gurbin maganin Kurciya, ta rubuta sha biyu, ta sa hannu. Sha biyu saura kaɗan Shugaba ta shigo da wasu baƙi, mata da miji masu neman wa ɗansu makaranta, don a nuna musu ajin da ya fi kowane tsari. Wayar Malama ta yi ƙarar tunin magani a aljihu, Shugaba ta harare ta, ta yi maza ta kashe. Ta ce a ranta, minti biyu, bari su fita. Suna fita wani yaro ya yi amai a kan tabarma, wata ta ciji wata a kan fensir, aka kaɗa ƙararrawar abinci. Yanzu ta tuna, har Inna ta tsaya a gaban takardar Kurciya da faranti a hannu. Inna ba ta karatu, amma ta san gurbin magani, ta san alama. Ta duba ta ga alama, ta wuce. Ɗaya da rabi cif Malama ta ɗauki hoto ta tura.

"Mun iso, baiwar Allah," in ji direban.

A ɗakin taimakon gaggawa wata nas ta karɓi yarinyar daga hannunta ta shimfiɗa ta a gado mai taya. Ana cikin auna ta fizgar ta sake dawowa, ƙarama. Aka yi mata allura, aka sa mata robar iska a hanci, aka ja labule. Aka ce Malama ta jira a waje.

Ta zauna a bencin baranda, jakar a cinyarta, kanta ba ɗankwali, siket ɗinta a jiƙe. Mutane suna wucewa da kati a hannu, wani yana tura tsohuwa a keken marasa lafiya. Duk wanda ya kalle ta sai ta ga kamar ya sani. Ta zura hannu cikin jakar. In ta kwance ledar nan ta jiƙa sirinjin a famfon da ke ƙarshen baranda, ta jefa shi a aljihun gefe, shi ke nan, ba mai sani sai Allah. Yatsunta suna kan robar lokacin da ta ji ana kiranta.

"Malama. Ina take?"

Maman Kurciya ce, da rigar aikin masana'antar ɗinki inda take aiki, zare a manne a kafaɗarta, takalminta ɗaya ya tsinke tana jan sa. Mace ce siririya, ba ta fi Malama shekaru ba. Malama ta miƙe ta nuna labulen. Uwar ta shige, ta jima, ta fito tana share ido da bayan hannu. Ta kama hannuwan Malama duka biyu.

"Sun ce kin yi daidai, kin kwantar da ita ta gefe, kin kawo ta da wuri. Allah Ya saka miki. Allah Ya raya miki naki."

Malama ta buɗe baki, ba abin da ya fito sai "Amin."

Likita ya kira su tare. Saurayi ne mai jajayen idanu irin na wanda ya daɗe a tsaye, yana rubutu yana tambaya ba ya ɗaga kai. Minti nawa ta yi? Takwas, ko tara. Ta yi zazzaɓi kwanan nan? A'a. Ta faɗi ta bugu a kai kafin abin ya fara? A'a.

"Maganin fa? Sau uku a rana ko? Na safe?"

"Na ba ta," in ji uwar.

"Na rana?"

Kafin Malama ta motsa, uwar ta ciro waya ta miƙa masa. "Ga shi, likita. Sha biyu daidai. Kullum sai sun turo min. Malamarta ba ta taɓa fashi ba."

Likita ya dubi hoton, ya dubi Malama. Ta ji kanta ya gyaɗa da kansa.

"To," ya ce, ya ajiye biro ya murza idanunsa. "In tana shan magani yadda aka ce kuma ciwo ya tashi haka har sau biyu, maganin ya daina riƙe ta ke nan. Za mu ƙara yawan wannan, mu haɗa mata da wani mai ƙarfi. Za ta kwana biyu a nan mu ga yadda jikinta zai karɓa."

"Mai ƙarfi kamar yaya?" in ji uwar.

"Zai sa ta barci da kasala, musamman farko-farko. Wasu yaran sukan yi jiri, wasu karatunsu yakan ja baya kaɗan. Za mu riƙa duba jininta saboda hanta. Ba ma son ba yaro ƙarami shi sai dole, amma ga dolen ta zo." Ya yage takardar ya miƙa wa nas. "A karɓo daga ɗakin magani, a fara mata ƙarfe biyar."

Uwar ta koma bayan labule. Malama ta fita baranda. Agogon da ke saman ƙofa ya ce huɗu saura minti ashirin.

Wayarta ta yi ƙara. Shugaba ce.

"Yaya jikin yarinyar?"

"Ta samu barci, ranki ya daɗe." Ta matsa jikin bango ta rage murya. "Akwai magana. Maganin rana... ban ba ta ba. Lokacin da baƙin nan suka shigo ne."

Ta ji motsin takarda ta cikin wayar.

"Takardarta tana gabana," in ji Shugaba a hankali. "An ja alama, kin sa hannu."

"Da safe na cike."

"Ban ji wannan ba. Kin ji ko? Ban ji ba." Muryar da ke tsayar da malamai goma a layi yau rawa take yi. "Ke yarinya ce, ba ki san yadda abin nan yake tafiya ba. In maganar nan ta fita, ba ke kaɗai ba ce. Masu duba makarantu za su zo su kwashe takardun kowane aji. Za su rufe mu. Mutum goma sha bakwai ke ci a nan, har da Inna da mai gadi. Yarinya tana hannun likitoci, sun san aikinsu. Abin da takarda ta ce shi ya faru. Baki shi ke yanka wuya."

"Za su sauya mata magani saboda takardar."

"To ai magani ne, ba guba ba. Ki yi wa uwar sannu ki tafi gida."

Malama ta tsaya da wayar a hannu. Ƙirjinta ya yi tauri yana zafi, ta ji danshi a rigarta. Lokacin shan nonon ɗanta ya yi. Watansa tara, yana wajen yayarta, kullum ƙarfe huɗu take zuwa ɗaukarsa. Ta kira yayar.

"Kina ina? Ga mutuminki nan ya cinye min kunne da kuka."

Ta gaya mata komai, a gurguje, tana kare baki da hannu.

"Wa ya sani?" in ji Yaya.

"Shugaba. Ta ce in yi shiru."

"To me kike jira? Ki zo ki ɗauki ɗanki. Ke kin san mutane. Yanzu suna miki addu'a, kina faɗa za su kira ƴan sanda. Uban yarinyar kin san halinsa? Ba ki sani ba. In aka tsare ki, wa zai shayar da wannan? Ni? Shekara biyu kina yawon neman aikin nan, takalmi nawa kika kashe."

"Yaya, yarinyar shekararta huɗu. Za su ba ta abin da ba ta buƙata."

"Allah Ya ga zuciyarki, ba da gangan kika yi ba. Ki yi istigfari ki gyara gaba." Muryar ta yi laushi. "Ƙanwata, ni tsoro nake ji miki. Taho gida."

Ta ji kukan ɗanta ta cikin wayar, kukan yunwa da ta sani. Ta kashe.

Ta fara tafiya zuwa ƙofar fita. Ta wuce ɗakin karɓar kati, ta wuce mai sayar da ruwa a bakin ƙofa, har ta ga titi da motoci. Sai ta ji abu yana bugun ƙugunta. Jakar Kurciya ce, har yanzu tana rataye a kafaɗarta. Ta tsaya. Ko ba komai sai ta mayar da jakar.

A bayan labule uwar tana zaune a kujerar roba tana riƙe da ƙafar yarinyar. An cire robar iskar. Kurciya tana barci baki a buɗe, leɓenta ya dawo daidai, kitsonta ɗaya ya warware. Wannan ce yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya, wadda ta riga kowa haddace waƙar haruffa, wadda in Malama ta yi kuskure da gangan take cewa, "Anti ba ta iya ba." Malama ta yi ƙoƙarin hango ta zaune a lungun aji, ido a lumshe, kai yana rangaji, sauran yara suna waƙa. A kan ƙaramin teburin gefen gado nas ta riga ta ajiye sabuwar kwalba mai launin ruwan ƙasa, ba a fasa hatiminta ba. Huɗu da minti ashirin da biyar.

"Ga jakarta," in ji Malama.

"Au, na ma manta. Na gode. Je ki gida, kin sha wahala, ga rigarki duk ta ɓaci."

Malama ba ta miƙa jakar ba. A ranta ta ga ɗan sanda, ta ga hotonta yana yawo a wayoyin iyaye, ta ga mijinta yana tsaye a bakin ofishin ƴan sanda da jariri a kafaɗa. Duk ta gan su sarai. Ta juya ta fita, ba ƙofar titi ta nufa ba, ta ƙwanƙwasa ƙofar likita.

"Maman Kurciya ta zo ita ma," ta ce da nas. "A gabanta nake so in faɗa."

Da suka taru, ta zuge jakar ta ciro ledar ta ajiye a kan tebur, da ɗaurinta.

"Likita, ban ba ta maganin rana ba. Alamar da ke takardar tun da safe na ja ta, kafin yara su zo. Haka nake yi kullum don hoto ya tafi a kan lokaci. Yau da lokacin ya yi aiki ya sha kaina, na manta. Da ka tambaya tsoro ya hana ni faɗa."

Ba ta kalli uwar ba. Ta kafa ido a kan ledar.

Likita ya jingina da kujera. "Yau kaɗai?"

Ta so ta ce yau kaɗai. "Ban sani ba. Yawanci ina ba ta. Amma akwai kwana biyu a makon jiya da ba zan iya rantsuwa ba. Ina duba takarda in ga alama, ni kaina sai in ɗauka na ba ta."

Bai yi faɗa ba, ita kuwa da faɗan ya yi da ya fi mata sauƙi. Ya jawo fayil ɗin ya ja layi biyu a kan abin da ya rubuta ɗazu.

"A mayar da sabuwar kwalbar," ya ce da nas. "A ba ta nata na da, yanzu, yadda aka saba. A ɗebi jini a duba yawan maganin a jikinta." Ya dubi Malama. "Saura rabin awa mu ɗora wa yarinya magani na shekaru a kan takardar ƙarya. Dole in rubuta abin da kika faɗa a fayil, kin gane? Abin da zai biyo baya ba a hannuna yake ba."

"Na gane."

"Amma gara da kika dawo."

Uwar ta ɗauki ledar daga kan tebur, ta juya ta a hannu, ta fita. Malama ta bi bayanta a hankali, tana jiran mari, ko ihu, ko a shaƙe mata wuyan riga a tara mata jama'a. Ta ma fi son a yi a gama.

Uwar ta leƙa bayan labule, ta tsaya har nas ta ɗaga kan yarinyar ta ɗura mata maganin. Kurciya ta buɗe ido da ƙyar, ta haɗiye, ta yamutsa fuska, ta ce, "Mama, ɗaci," ta koma barci. Sannan uwar ta fito ta zauna a bencin baranda. Ta matsa gefe, ta bar wuri. Malama ta zauna a bakin bencin.

Wayar Malama ta yi ƙarar saƙo. Shugaba ce: gobe ƙarfe bakwai ki same ni a ofis. Ta kife wayar a cinya.

"Maman Kurciya, ba ni da bakin ba ki haƙuri. Duk abin da kika ga ya dace ki yi min, ki yi."

Uwar tana kallon takalminta da ya tsinke. Da ta yi magana, muryar can ƙasa take, sai da Malama ta matso.

"Motar ma'aikata ƙarfe bakwai saura kwata take tsayawa a bakin layinmu. Minti ɗaya take yi. In ta wuce ki, kafin ki samu wata an rufe ƙofar masana'anta, ranar ta tafi. Sau biyu aka yi min gargaɗi a watan nan." Ta ci gaba. "Yau yarinyar nan ta tashi da rigima. Na auna maganin, ta rufe baki, ta buge min hannu ya zube. Ina shirin sake aunawa na ji ham ɗin motar. Sai na wanke sirinjin na ɗaure. Na ce ai na rana na nan, Malama ba ta taɓa fashi ba."

Malama ta juyo ta kalle ta.

"Ba yau ne farko ba," in ji uwar. "Duk ranar da na makara haka nake cewa. Sai in ga hotonki ya shigo ɗaya da rabi, hankalina ya kwanta." Hawaye ya gangaro mata, ba ta share ba. "Likita ya tambaye ni na ce na ba ta. Kina tsaye kina faɗar naki, ni ina tsaye kamar gunki."

Wata mai shara ta zo da guga da tsumma, suka ɗaga ƙafafunsu tare ta goge ƙarƙashin bencin ta wuce.

"Babanta yana hanya," in ji uwar. "Ya ce ya kusa. In ya zo ya ji naki, a kanki zai sauke komai, ni kuma in na yi shiru shi ke nan na tsira." Ta dubi ƙofar likita, taku goma daga inda suke. "So nake in shiga kafin ya iso. Tun ɗazu nake cewa ƙafata ta tashi, ta ƙi."

Malama ta duba rigarta, danshin ya faɗaɗa har ana gani. Can gida ɗanta yana kuka, Yaya tana leƙen hanya. Ta miƙe. Ta miƙa wa matar hannu.

"Tashi mu je. Zan tsaya kusa da ke."

Uwar ta cire takalman duka biyu ta tura su ƙarƙashin benci. Ta kama hannun, ta miƙe. Malama ce ta ƙwanƙwasa ƙofar.